Gwanin da Ke Auna Wasan Tanis Kafin a Buga Shi

A ranar 30 ga Janairun 2022, a birnin Melbourne na Ostareliya, Rafael Nadal na Sifaniya ya kara da Daniil Medvedev na Rasha a wasan ƙarshe na gasar Australian Open. Medvedev ya ɗauke zangon farko da ci 6-2, ya ƙara da na biyu bayan an kai ga raba-gardama. Ana shiga zango na uku sai aka haska wasu lambobi a talabijin: damar Medvedev kashi 96 cikin 100, ta Nadal kashi 4. Ba a jima ba abin ya ƙara dagulewa, domin Nadal ya tsinci kansa ana 2-3, kuma a sabis ɗinsa an ci shi maki uku a jere. Da ƙyar ya fita daga wannan rami. Daga nan ya cinye zango uku, 6-4, 6-4, 7-5, ya ɗaga kofin babbar gasa karo na 21 bayan awa biyar da minti 24 ana gumurzu. Washegari hoton lambobin nan ya karaɗe duniya, ana ta yi wa masu lissafin dariya.

Ni ban ga kuskure a lambar ba. A duba abin da ke gaban mai lissafin a wannan lokaci. Nadal na da shekara 35, ya shafe watanni ba ya wasa saboda ciwon ƙafa, kuma bai daɗe da tashi daga cutar korona ba. Ya girmi Medvedev da kusan shekara goma. Shi kuwa Medvedev, wata huɗu kafin nan ya doke Novak Djokovic ya ci US Open a kan irin wannan fili mai tauri, ga kuma zango biyu a aljihunsa. Kashi 4 cikin 100 na nufin da za a maimaita wannan hali sau 25, sau ɗaya na baya zai juyo ya yi nasara. Daren nan shi ne ɗayan. Wanda ya ce 4 bai ce babu ba. Iya faɗin 4, ba 1 ba, ba 20 ba, ita ce sana'ar da take burge ni, kuma ita nake son mu leƙa cikinta.

Bari in share hanya tukuna. Akasarin masu wannan gwaninta kamfanonin caca ne ke ɗaukarsu aiki. Caca haramun ce a Musulunci, kuma ko an ajiye maganar addini, mun ga abin da ta yi wa samari a unguwanninmu, masu yawo da 'yar takarda a aljihu suna jiran ranar da za ta fashe. A Kano har sai da Hisbah ta bi ta rufe shagunan caca a 2024. Ba talla na zo yi musu ba. Amma lissafin da aka gina shagon a kansa ilimi ne na gaske, irin wanda masu hasashen yanayi da kamfanonin inshora ke cin abinci da shi, kuma na yi imani duk wanda ya fahimci zurfinsa zai daina mafarkin cin galabar mai shi.

Lambar da ake rubutawa kusa da sunan ɗan wasa, wadda samari ke kira od, farashi ne. In an rubuta 2.00, wanda ya sa naira 100 zai karɓi 200 idan ya dace. Amma a ƙarƙashin farashin akwai hasashe a kwance. Raba 100 da lambar, za ka ga kason da aka ba ɗan wasan: 2.00 kashi 50 ke nan, 1.25 kashi 80, 5.00 kashi 20. A Ingila wannan 5.00 ɗin 4/1 za su rubuta, a Amurka +400, duk magana ɗaya ce. Aikin gwanin shi ne ya samo kason kafin a mayar da shi farashi.

Ga wanda bai saba da tanis ba, tsarin cinsa hawa-hawa ne. Mafi ƙanƙanta shi ne maki. Maki huɗu ke ba da gem, ana ƙirga su 15, 30, 40, sannan gem. In aka yi kunnen doki a 40-40, sai wani ya ci biyu a jere. Gem shida da ratar biyu ke ba da zango. In aka kai 6-6 sai a yi raba-gardama, wanda ya riga kai maki bakwai da ratar biyu ya ɗauka. A yawancin gasa wanda ya ci zango biyu cikin uku ya gama, amma maza a manyan gasa huɗu, wato ta Ostareliya, da Roland Garros ta Paris, da Wimbledon ta Landan, da US Open ta New York, sai an ci uku cikin biyar. Sabis kuwa, bugun da ake buɗe kowane maki da shi, karɓa-karɓa ake yi: wannan gem naka, na gaba nawa.

Mai auna wasa ba ya farawa da tambayar wa zai ci. Wannan ta 'yan kallo ce. Tasa tambayar ƙarama ce ƙwarai: in wannan ya yi sabis a kan wancan, a wannan fili, yau, maki nawa zai ci cikin 100? Sai ya juya ta ga ɗayan. Lamba biyu kawai yake nema, domin daga su sauran ginin ke tashi da kansa. A nan ne kyan lissafin yake. Mai cin maki 55 cikin 100 a sabis ɗinsa zai riƙe gem 62 cikin 100. Mai cin 60 zai riƙe kusan 74. Mai cin 65 zai riƙe 83, mai cin 70 kuma 90. Ƙarin maki biyar a ƙasa na zama ƙarin goma ko kusa da haka a hawa na gaba, saboda gem na bukatar a yi ta maimaita cin, mai ɗan rinjaye kuwa maimaici nasa ne.

A ɗauki mutum biyu, ɗaya na cin 65 a sabis ɗinsa, ɗaya 60. In ka tara duk makin da za su buga, na farko zai ɗauki 52 da rabi cikin 100 ne kacal. Mai kallo da ido ba zai ga bambanci ba, zai ce ai kai ɗaya suke. Amma lissafi ya nuna na farkon zai ci kusan zango 66 cikin 100. A wasa mai zango uku damarsa ta kai wajen kashi 74, a mai zango biyar ta haura 78. Shi ya sa a manyan gasa ba a cika kayar da manyan maza ba: wasa in ya yi tsawo, sa'a na gajiya ta bar wa iyawa fili. Roger Federer da kansa ya faɗi wannan a jawabin da ya yi wa ɗaliban jami'ar Dartmouth a 2024. Ya ce ya buga wasa 1,526 shi kaɗai, ya ci kusan kashi 80 cikin 100 na wasannin, amma makin da ya ci kashi 54 ne. Mutumin da ya ɗaga kofin babbar gasa sau 20, kusan rabin makin da ya buga a rayuwarsa an cinye shi. Ratar da ke tsakanin zakara da na ashirin a duniya siririya ce haka, kuma cikin wannan sirantar mai auna wasa ke aiki. In ya kuskure da maki biyu a ƙasa, ya kuskure da kashi goma a sama.

Akwai wanda zai ce ai ɗan Adam ba na'ura ba ne, maki ɗaya na shafar na gaba, akwai tsoro, akwai zafin nama. Gaskiya ne, kuma an auna shi. Wasu masana lissafin tattalin arziki biyu 'yan Holan, Franc Klaassen da Jan Magnus, sun bi wasannin Wimbledon na 1992 zuwa 1995 maki bayan maki, kusan maki 90,000. Sun gano cewa cin makin baya na ɗan taimaka wa na gaba, kuma a maki mai nauyi mai sabis na ɗan shan wuya fiye da kullum. Sai dai tasirin ƙanƙane ne, kuma gwargwadon ƙarfin ɗan wasa gwargwadon raguwarsa. Wato manyan 'yan wasa su ne suka fi kama da lissafin, domin sun horar da zuciyarsu ta manta da makin da ya wuce. Wannan binciken ya ba masu auna wasa ƙwarin gwiwar dogara da ginin, tare da ɗan gyara a gefe.

To ina ake samo lambobin nan biyu? Mai sabon shiga zai ruga ga jadawalin duniya, ya ce na 10 ya fi na 40. Gwani na kallon jadawalin da taka-tsantsan. Shi jadawalin maki yake tarawa na mako 52 da suka wuce, yana duba zagayen da ka kai da girman gasar, 2,000 ga wanda ya ci babbar gasa, ba ruwansa da wa ka doke a hanya. Wanda ya yi jinya wata shida zai faɗo ƙasa alhali hannunsa na nan, wanda ya dace da hanya mai sauƙi sau ɗaya zai zauna sama shekara guda. Don haka masu sana'ar suka fi karkata ga ma'aunin Elo. Arpad Elo malamin kimiyya ne haifaffen Hangari da ya zauna a Amurka, ya tsara ma'aunin domin 'yan wasan ces, hukumar wasan ta duniya ta karɓe shi a 1970. Dabarar mai sauƙi ce. Kowa na da lamba. In ka doke wanda ya fi ka, ka ƙwace masa da yawa; in ka doke na ƙasa da kai, kaɗan za ka samu; in na ƙasa ya doke ka, ka yi asara babba. Ratar maki 100 na nufin damar kashi 64, ratar 200 kashi 76, ratar 400 kashi 91. A tanis akan ware wa kowane ɗan wasa lamba daban ga kowane irin fili, kamar yadda Jeff Sackmann ke wallafawa a Tennis Abstract, inda kowa zai iya gani kyauta.

Warewar nan wajibi ce, domin fili uku ne kuma kusan wasa uku ne. A Roland Garros garin jan bulo ake shimfiɗawa a sama. Ƙwallo in ta sauka takan ciji ƙasa, ta rage gudu, ta yi tsalle sama, ɗan wasa na zamewa da ƙafa ya tarbe ta, safarsa ta rine ja kafin a gama zangon farko. Mai ƙaƙƙarfan sabis na rasa wani ɓangare na makaminsa, mai haƙuri da dogon numfashi na samun riba. A ciyawar Wimbledon kuwa ƙwallo sulɓewa take yi ƙasa-ƙasa, maki na ƙarewa da bugu uku ko huɗu, ƙwace sabis na wuya. Fili mai tauri yana tsakani, kuma shi ma wani ya fi wani gudu. Ko jar ƙasar ba ɗaya ba ce. Madrid na kan tudu, sama da mita 600 daga teku, iska ba kauri, ƙwallo na tashi da sauri fiye da a Roma ko Paris. Da rana tsaka a Paris ƙasa ta bushe ƙwallo na tsalle. Da dare ko bayan yayyafi ta yi nauyi. Duk wannan maki ɗaya ne ko biyu a lambar sabis, amma mun ga abin da maki biyu ke haifarwa.

Daga nan kwamfuta ta yi nata, sai ido. Shekaranjiya wannan ya yi awa huɗu a fili, wancan ya gama cikin awa ɗaya da rabi. Wannan ya ɗaure cinya da bandeji a wurin atisaye. Wancan ya sauka daga jirgi daga wata nahiya kwana biyu da suka wuce. Sannan akwai abin da ya fi duka daɗin nazari, wato yadda salon wani ke cin salon wani. Nadal bahago ne a fili, kuma yana murɗa ƙwallo da ƙarfi ta yadda in ta sauka sai ta taso har kafaɗa. Bugun nasa na zuwa kai tsaye ɓangaren bayan hannun Federer, wanda da hannu ɗaya yake bugawa, hannu ɗaya kuwa a tsayin kafaɗa ba shi da ƙarfi. Sun haɗu sau 40, Nadal ya ci 24. A jar ƙasa 14 da 2 ne. Wanda ya tsaya ga tarihi kawai zai ce magana ta ƙare. Amma Federer ya koma raket mai faɗin fuska, ya dinga tarar ƙwallon da wuri kafin ta taso, a 2017 suka haɗu sau huɗu a fili mai tauri ya cinye duka, har da wasan ƙarshe na Ostareliya. Mai auna wasa na ƙwarai ya ga canjin tun daga wasa na farko ko na biyu, ya rage wa tsohon tarihi nauyi. Sanin lokacin da lambobin jiya suka daina bayyana mutumin yau, wannan ba a koyar da shi a aji.

Duk da haka akwai ranar da ba wanda ya gani. Kafin 31 ga Mayun 2009 ba a taɓa doke Nadal a Roland Garros ba, wasa 31 a jere. Robin Söderling na Suwidin, wanda Nadal ya lallasa 6-1, 6-0 a Roma makonni kaɗan kafin nan, ya fitar da shi a zagaye na huɗu. Daga baya aka ga Nadal ya janye daga Wimbledon saboda gwiwa. A 2021 Emma Raducanu ta Birtaniya, 'yar shekara 18, ta 150 a duniya, ta taso daga wasannin share fage ta ci US Open, wasa goma ba ta ba da zango ko ɗaya ba. Ba a taɓa yin haka ba a tarihin manyan gasa. Gwani ba ya jin kunyar irin waɗannan ranaku, domin ya bar musu gurbi tun farko. Nadal ya gama da Roland Garros da nasara 112 da faɗuwa 4. Wanda ya dinga ba shi kashi 96 ko 97 a kowane wasa ya yi daidai a jimla, har da ranar Söderling. Ba a auna mai hasashe da wasa ɗaya. A tara duk wasannin da ya ce kashi 70, a ga ko bakwai cikin goma sun tabbata. In tara suka tabbata, shi ma kuskure ne.

Inda sana'ar ta fi zafi shi ne bayan an fara wasa. Tsakanin maki da maki daƙiƙa 25 doka ta bayar, kuma cikin wannan ɗan lokaci sai an fitar da sabon farashi, sau ɗari da ɗoriya a ƙaramin wasa, sau ɗari huɗu a babba. Maki kuwa ba nauyinsu ɗaya ba. Maki a 40-0 kusan ba ya motsa komai. Maki a 30-40, ana 4-4 a zangon ƙarshe, na iya juya farashi da kashi 20 ko fiye. Lissafin na yin wannan da kansa, amma mutum na zaune yana kallo: shin gudun sabis ɗin wancan ya ragu cikin gem biyun nan? Shin ya fara gajarta maki don ƙafa ta gaji? In haka ne, lambar da aka fara da ita ta tsufa, sai a sauya ta ana cikin tafiya.

A dubi 14 ga Yulin 2019, wasan ƙarshe na Wimbledon. Zango na biyar, Federer na gaba 8-7, sabis a hannunsa, 40-15. Maki ɗaya ya rage masa, kuma dama biyu gare shi. Ga mai sabis irinsa a kan ciyawa, damar a ƙwace masa wannan gem kashi 2 ne ko 3, kuma ko an ƙwace, sai Djokovic ya sake cin wasan daga 8-8. A makin farko Federer ya buga ta fita gefe. A na biyu ya taso raga, Djokovic ya zura ta ta gefensa ta wuce. Aka yi ta yi har 12-12, inda dokar Wimbledon ta wancan lokaci ta ajiye raba-gardamar zangon ƙarshe, aka yi ta, Djokovic ya ɗauka bayan awa huɗu da minti 57. Federer ya ci maki 218, Djokovic 204. Federer ya ci gem 36, Djokovic 32. Amma raba-gardama uku aka yi a wasan, Djokovic ya cinye dukansu. A Yunin 2025 a Paris aka sake ganin irinsa: Carlos Alcaraz na bayan Jannik Sinner da zango biyu da ɗaya, ana 3-5, 0-40 a na huɗu, ya tsallake makin lashe kofi uku, ya ci wasan bayan awa biyar da minti 29, alhali Sinner ya fi shi maki ɗaya a jimla, 193 da 192. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma tsarin tanis ya tanadi haka da gangan, tunda babu agogon da zai ceci na gaba. Dole ya ci makin ƙarshe da hannunsa. Saboda haka mai auna wasa ba ya rubuta sifili muddin ana bugawa.

Gudun nan ya haifar da wata sana'ar a gefe. Alƙalin wasa na shigar da kowane maki a na'urar da ke gabansa, daga nan labari ke tafiya ga kamfanoni, hoton talabijin kuwa na makara da 'yan daƙiƙu. Sai wasu suka dinga zama a cikin 'yan kallo suna aika sakamako kafin farashi ya motsa. A gasar Ostareliya ta 2014 'yan sanda sun kama wani matashi ɗan Birtaniya da na'ura ɗinke a gajeren wandonsa, daga baya aka janye tuhumar. Har yau masu shirya gasa na korar irinsu daga fili.

Wani abin da na fi girmamawa ga gwanin shi ne yana sauraro. Farashin da ya fitar da safe ba wahayi ba ne. In kuɗi masu nauyi suka fara kwarara ɓangare ɗaya daga hannun mutanen da ya san ba sa wasa da kuɗinsu, yakan ɗauka sun ga abin da bai gani ba, ya matsa. Shi ya sa farashin daf da fara wasa ya fi na safe kusa da gaskiya: ilimin mutane da yawa ne ya taru a lamba ɗaya. Kuma saboda ya san yadda farashi mai lafiya ke tafiya, shi ne na farko da ke jin warin maguɗi. A Agustan 2007 a garin Sopot na Polan, Nikolay Davydenko, na 4 a duniya, ya kara da Martín Vassallo Argüello na Ajantina, na 87. Davydenko ya ci zangon farko, amma kuɗi suka ci gaba da tuɗaɗa kan cewa zai faɗi, har wajen dala miliyan 7 a kamfanin caca na Betfair, ninkin abin da aka saba gani a irin wannan wasa sau da yawa. A zango na uku ya janye da ciwon ƙafa. Ruwa ba ya tsami banza, don haka kamfanin ya soke duk cacar da aka yi a kan wasan. An yi bincike sama da shekara, a 2008 aka wanke 'yan wasan biyu, ba a same su da laifi ba. Amma a shekarar ce aka kafa sashen kula da amanar wasan tanis, wanda hukumar ITIA ta gada a 2021. Yawancin waɗanda take kamawa a ƙananan gasa suke, inda duk kyautar gasar dala 15,000 ce, ɗan wasa na fita a zagayen farko da abin da bai biya masa kuɗin masauki ba. Sau da yawa farkon zaren shi ne wani mai lura da farashi ya ce wannan motsin bai yi kama da tanis ba.

Yanzu ga inda gwanintar ke komawa ciniki. Mu koma ga mutum biyun nan, mai kashi 74 da mai 26. Farashin gaskiya 1.35 ne da 3.85. Kamfani ba zai rubuta haka ba, zai rubuta kamar 1.30 da 3.50. Mayar da su kaso: 76.9 da 28.6. Tara su, ka sami 105 da rabi, alhali duniya 100 gare ta. Biyar da rabin nan ita ce ribar. Wanda ya taɓa zuwa kara ya san dillali: ko sa ya yi tsada ko ya yi araha, ko mai saye ya dace ko ya yi asara, la'adarsa na nan. Bambancin shi ne wannan dillalin ya fi kowa a kasuwar sanin san, kuma shi ke yanka farashin. Don mutum ya ci riba a kansa, bai isa ya san wanda zai yi nasara ba. Sai ya fi gwanin daidaita kaso da ratar da ta wuce la'adar, ba sau ɗaya ba, kullum. 'Yan kaɗan da ke iya haka kamfanoni da yawa na taƙaita musu abin da za su sa, ko su rufe musu ƙofa.

Tikitin da samarinmu suka fi so, mai haɗa wasa goma a takarda ɗaya, shi ne ya fi kowanne cin su. Ko da kowane ɗaya cikin goman na da damar kashi 80, damar duka su tabbata ba ta kai kashi 11 ba. La'adar kuma ninkuwa take yi a kowane hawa: in biyar ce a wasa ɗaya, a wasa goma ta kai kusan naira 40 cikin kowace 100. Hawa-hawan da ke mayar da kashi 54 na Federer ya zama 80, shi ne dai ke aiki a nan, sai dai a wannan karon rinjayen na mai shago ne. Kuma zafin asarar ba ya tsayawa ga mai ita. Bayan an fitar da Caroline Garcia ta Faransa a zagayen farko na US Open a 2024, ta wallafa irin saƙonnin zagi da mugun fata da ake turo mata, ta kuma soki yadda gasa ke ƙulla talla da kamfanonin caca. 'Yan wasa da yawa, maza da mata, sun faɗi irin haka. Mutumin da ya ɗauki kashi 80 a matsayin alkawari, in ɗaya cikin biyar ɗin ta faɗo masa, sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

Gwanintar kanta ba ta bukatar ko kwabo. Littafi da biro sun isa. Kafin a fara wasa, ka duba fili, ka duba yadda kowanne ya yi sabis a wasanninsa na baya-bayan nan a irin wannan fili, ka duba wa ya gaji, wa ke ɗingishi, salon wa ke damun wa, sannan ka rubuta lamba. Kada ka rubuta “wane zai ci”. Rubuta 62, ko 80, ka sa kwanan wata. Bayan wasa ɗari ka ware duk waɗanda ka ba kashi 70 da kewaye, ka ƙirga nawa suka tabbata. In tara cikin goma ne, kana jin tsoron faɗin abin da ka sani. In biyar ne, kana cika baki, kuma a nan yawancin masu farawa ke samun kansu. Sai ka gyara, ka sake. Kowace babbar gasa na da 'yan wasa 128 a ɓangaren maza da 128 a na mata, wato wasa 127 kowane ɓangare cikin mako biyu, kuma sau huɗu ake yin ta a shekara: Janairu a Melbourne, ƙarshen Mayu a Paris, farkon Yuli a Landan, ƙarshen Agusta a New York.